Yadda Minti-Biyar Ya Shiga Littafin Surukinsa

Akwai mutumin da in ka ce masa agogonka ya tsaya, kafin ka rufe baki ya kwance shi daga hannunka, ya ce ai aikin minti biyar ne. In famfo ke ɗiga, minti biyar ne. In fanka ce ta ƙi juyawa, minti biyar ne. Da haka sunan ya bi shi, duk layin ba mai kiransa sai da Minti-Biyar. Agogon kuwa, bayan mako uku za ka karɓi abinka a cikin leda, gilashi daban, allurai daban, tare da dogon bayani cewa tun daga kamfani aka yi kuskuren haɗa shi.

Babban abin tutiyarsa shi ne ya yi shekara tara a ɗakin kwamfuta na wata ma'aikata, tun zamanin da ake cire takalmi kafin a kusanci na'urar. Ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Direba ne a ma'aikatar, kuma shekara taran nan a bakin ƙofar ɗakin ya yi su, a kan benci, yana shan sanyin da ke silalowa ta ƙarƙashin ƙofa. Amma in yana ba da labari, bencin ba ya fitowa a ciki.

Surukinsa, wanda kowa ke kira Baba, tsohon akawu ne, gidansa na farkon layin, na Minti-Biyar na ƙarshensa. Da Baba zai bar aiki aka sallame shi da wata tsohuwar kwamfuta mai koren rubutu, da firintarta irin mai ƙarar nan da ke dukan takarda da allurai, da kwali guda na takarda mai huji-huji a gefe. Shekara goma sha huɗu tsohon nan ya yi yana rubuta tarihin rayuwarsa a kwamfutar, da yatsa biyu, har ya kai babi goma sha shida. Sai idanu suka soma gazawa. Ya ce ba zai ƙara ko harafi ba, babi na ƙarshe zai jira sai ya riƙe sauran a takarda ya ji nauyinsu a hannu. Firintar kuwa ta fi shekara goma ba ta motsa ba, masu gyaran zamani kuma duk wanda aka kira sai ya leƙa bayan kwamfutar, ya ga babu ramin da ya sani, ya ce sai dai a nemi tsohuwar abokiyar zamanta.

Auta, matar Minti-Biyar, ita ke karanta wa mahaifinta littafin daga fuskar kwamfutar in yana son ji. Wata rana suna cin abincin rana mijin ya tambaye ta, kamar abin bai dame shi ba, a wane babi yake. Ta ce ya ƙara miya. Ya sake tambaya. Ta ce mai aski yana da shafi uku, tela yana da biyu da rabi, kyanwar da ta mutu bara kuma babi na tara nata ne ita kaɗai.

"Ni fa?"

"Ban dai gan ka ba tukuna."

"Ko a ranar aurenmu?"

"Ya rubuta cewa an yi ruwa ranar, rumfa ta faɗi."

Minti-Biyar ya ajiye cokali. Gaskiya abin ya yi masa ciwo, ciwo ba na wasa ba. Shekara goma sha tara yana durƙusa wa tsohon nan safe da yamma, ya kai shi asibiti, ya ɗauko shi, ya ba shi jikoki huɗu, amma a ce kyanwa ta samu babi shi bai samu ko layi ba. Nan take dabara ta faɗo masa. Babi na ƙarshe dai ba a rubuta shi ba, kuma ba wanda ya cancanci ya cika shi irin mutumin da ya tashi firinta daga matattu. Kafin ya wanke hannu har ya raɗa wa babin suna a ransa.

Baba bai yi murna da tayin ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Mijin Auta, rediyona fa?"

"Ai yana magana, Baba."

"Yana magana in an kife shi."

Amma ranar Asabar 'ya'yansa za su hallara daga garuruwan da suke, ya daɗe yana burin ya miƙa musu littafin, kuma babu wani mai tayi. Ya yarda, da sharaɗi guda: a taɓa firinta yadda aka ga dama, amma kada a buɗe cikin kwamfutar, don duk duniya babu wani wuri da rubutun yake sai nan. Minti-Biyar ya dafa ƙirji ya faɗi abin da kowa ya san zai faɗa.

Ran Litinin da hantsi ya loda kayan a baro. Hanyar ba ta fi taku ɗari biyu ba, amma sai da ya yi awa guda, don a ƙofar kowane shago sai ya tsaya hutawa. Ya gaya wa mai aski cewa irin wannan firinta guda bakwai aka ƙera a duniya. Ya gaya wa tela cewa yana iya kwance ta ya ɗaura idonsa a rufe. Tela ya ce to gara ya rufe ɗin, tunda an ga abin da yake yi in suna buɗe. Mai shago kuwa kwalin takardar kawai ya bi da kallo har baron ya shige.

A falo ya kafa sansani, ya hana kowa shiga. Sai a nan ya lura babu wayar da za ta haɗa na'urorin biyu. Ya gwada cajar waya, ya gwada wayar eriya, ya gwada ta dutsen guga, yana cusa kowacce a ramin mai faɗi yana juyawa. Yini guda ya tafi a haka. Da la'asar Auta ta leƙo ta labule ta ce ita dai ta san wata waya mai kauri, ruwan toka, mai faffaɗan kai, kuma da ita aka ɗaure ƙofar akurkin kajin Baba tun tana amarya. Ya ce da ma yanzu yake shirin zuwa ɗauko ta. Ya je ya kwance ya taho, bai tuna ya bar wa ƙofar wani maɗauri ba, kaji goma sha ɗaya suka biyo bayansa zuwa titi. Uku suka shiga shagon tela, ɗaya ta hau kan farin yadin wani mai shirin tafiya, ta bar shaidar zuwanta.

Ran Talata da safe ya goge kashin kaji daga bakin wayar, ya cusa, ta shiga daram. Ya danna abin da Auta ta nuna masa ta bayan labule, yana ce mata ai ya sani. Firintar ta yi wani gurnani, ta yi shiru, sannan ta kwarma ihu. Duk wanda bai taɓa jin irin wannan firinta ba, to ya ƙaddara ana yanka kwano da zarto a cikin kunnensa. Mai aski, da katanga ɗaya ce tsakaninsu, hannunsa ya zarce, ya buɗe wa wani malamin makaranta hanya tun daga ƙeya har goshi. Ba a jima ba wata mata daga bayan layi ta yi sallama da bokitin tumatir a kai, wai ta ji an kawo injin markaɗe kusa.

Minti-Biyar ya fito ƙofa yana ta washe baki, yana karɓar gaisuwar da ba a yi masa ba. Ya koma ciki don ya ga abin al'ajabi, sai ya tarar takarda na ta fitowa tana naɗe kanta a ƙasa, fara fat, babu ko ɗigo. Ya shafa ta, ya ji kauri, ya gyaɗa kai ya ce kayan da ke nan, ba irin fallen takardar yanzu ba. Rashin rubutun kuma ya ce ba komai, na'ura ce da ta daɗe a kwance, sai ta ɗumama jiki. Ya bar ta ta yi ta ihu awa biyar har ta kai ƙarshen babi na goma sha shida, shafi ɗari biyu da ɗoriya, ko harafi bai gani ba. Ya sake dannawa. Ran Laraba ya danna karo na uku, don a cewarsa injin kirki sai a tashi na uku yake kamawa.

Zuwa yammacin Laraba takarda ta cinye falon. Ta hau kujeru, ta rufe talabijin, ta miƙa harshe har ƙofar kicin. Auta ta taka ta zame sau biyu, a na uku ta jira ya shiga wanka, ta tattare tulin nan duka ta kai wa mai shago ya riƙa ƙunshe kaya.

To ga abin da Minti-Biyar bai sani ba, alhali ko sabon ɗauka a ofis ya san shi. Takardar nan hawa biyu ce, irin ta rasit, fara a sama, ruwan ɗorawa a ƙasa, tsufa ya manne su. Ƙyallen tawadar firintar ya bushe ƙamas, shi ya sa ta sama ta fito fara, amma dukan alluran yana ratsawa, ta ƙasa kuma da duka take fitar da rubutunta. Mai shago mutum ne da in da hali ko tsinken ashana sai ya tsaga shi biyu. Yana jin kaurin takardar ya sa farce ya ɓare, murna ta kama shi, ƙunshi ɗaya ya zama biyu. Rubutun shuɗi da ya gani reras a jikin ta ƙasan bai dame shi ba. Ya yayyaga shafi-shafi, ya shiga ƙunshe sabulu da ƙusa da sukari da busasshen kifi a cikin rayuwar Baba, kwafi uku.

Shi kuwa gwanin, ran Alhamis tela ne ya leƙo ta taga, da niyyar yi masa maganar kaji, ya hango ƙyallen tawadar ya yi fari kamar tsohuwar igiyar takalmi. Ya ce ko makaho ya san abin nan ya bushe. Minti-Biyar ya ce tun Litinin ya gani, yana bin matakai ne ɗaya bayan ɗaya. Ya zaga wajen mai aski ya roƙo kwalbar baƙin rinin gashi, ya juye a kofin shayin Auta, ya tsoma ƙyallen ya jiƙu sharkaf, ya mayar yana ɗiga. Ya sunkuya daf da na'urar don ya ga fitowar harafin farko da idonsa, ya danna.

Kan firintar ya ruga hagu, ya dawo dama, yana feshi. Bango ya samu, labule ya samu, farar rigarsa ta samu, fuskarsa kuwa tun daga goshi har haɓa ta koma ta zabuwa. Ya wanke da sabulu, ya wanke da lemun tsami, ya dirje da soson ƙarfe. Mai aski ya aiko masa cewa rinin nasa mai kyau ne, yana yin wata biyu.

A takarda kuma baƙin kwalli ne kawai shimfiɗe, ba a gane komai. Wani mai hankali da nan zai tsaya. Minti-Biyar sai ya juya firintar, ya gano wani ɗan murfi a bayanta, ya ɓalle, ya tarar da wasu 'yan mitsi-mitsin makunnai guda takwas a jere, wasu sama wasu ƙasa. Ya yi tsaki ya ce ga matsalar nan, dubi yadda aka bar su ba tsari. Ya sa tsinken sakace ya tura su duka sama, suka yi layi ɗaya gwanin sha'awa. Daga nan firintar ta daina sanin yaren kwamfutar. Da rinin ya ɗan tsane rubutu ya fara fitowa, amma ba haruffa ba: 'yan zukata, 'yan fuskoki masu murmushi, kibiyoyi, da wani abu mai kama da tsani. Auta ta tambaya ko wannan ne tarihin mahaifinta. Ya ce wannan shi ake kira yaren injin, daga shi sai na mutane, saura mataki ɗaya.

Ran Juma'a layin ya canja, har shi da kansa ya lura. Mai shago ya cika da jama'a, kowa ƙusa ɗaya yake saye, ya ce a ƙunshe masa, ya fita, ya dawo ya sayi wata. Mata suna miƙa wa juna wasu takardu ta saman katanga. Tela ya rufe ƙofa, ana jin yana zazzage tsofaffin buhuna. Mai aski kuma ya ɗaure fuska, ko gaisuwa ba ya amsawa. Minti-Biyar ya fassara wannan duka da cewa kwarjininsa ne ya cika layin, hassada kuma ta kama wasu. Saboda haka ya bi gida-gida da fuskarsa ta zabuwa yana gayyata, gobe da hantsi, a ƙofar gidansa, kowa ya zo ya ga aikin ilimi. Abin da ya ba shi mamaki, ba wanda ya ce yana da uzuri.

Auta ta yi masa magana ta hankali. Ta ce ya je ya gaya wa Baba gaskiya tun da sauran mutunci, kada garin neman gira a rasa ido. Ya ce mata ita matsalarta ba ta taɓa zama a ɗakin kwamfuta ba. Ta ce shi ma haka, sannan ta tafi neman wani kofin shayi.

Asabar ta zo. Ya fito da teburin cin abinci titi, ya shimfiɗa masa zanin gado, ya jawo wuta daga falo. Don abin ya yi tsayi kowa ya gani, ya ɗora firintar a kan kwamfutar. Don rubutu ya fito baƙi wuluk a gaban baƙi, ya ƙara wa ƙyallen sauran rinin kwalbar duka. Aka kawo Baba aka zaunar a kujerar gaba, 'ya'yansa biyar da jikoki a bayansa, mutanen layi kuma har kan baranda. Minti-Biyar ya yi jawabi na kusan rabin awa, ya taɓo tarihin na'ura, ya taɓo shekara tara, ya yi wa matasan zamani faɗa kan raina ilimin manya. Sannan ya ɗaga yatsa sama yadda na baya za su gani, ya sauke shi.

Firintar ta kwarma ihunta. Zukata da fuskoki suka fara tururuwa. Babban ɗan Baba ya matso ya duba, ya ɗago ya dubi surukin nasu. Rinin da ya yi yawa kuwa ya taru a gindin firintar, ya sami hanya, ya dinga ɗiga ta 'yan ramukan shan iskan kwamfutar, ɗis, ɗis. Aka ji wani ɗan ƙara, fat, ba mai ƙarfi ba. Hayaƙi siriri ya taso yana warin shagon aski. Koren rubutun ya tattare ya zama ɗigo ɗaya a tsakiyar gilashi, ɗigon ma ya ɓace. Firintar ta tsaya da rabin zuciya a bakinta.

Baba ba ya gani sosai, sai ya tambayi abin da ya yi ƙara. Auta ta durƙusa kusa da shi ta faɗa masa a hankali. Tsohon ya cire tabarau, ya riƙe shi a cinya. Shekara goma sha huɗu, da yatsa biyu. Minti-Biyar ya buɗe baki, "minti" ta fito, "biyar" ta maƙale. Tunda yake ɓarna a duniya bai taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, don yana son tsohon nan, kuma ya san abin da ya kashe.

Ana cikin haka mai aski ya yi gyaran murya, ya fito gaba yana zaro wata takarda ruwan ɗorawa daga aljihu.

"Baba, a yi haƙuri da abin da ya faru, amma ni ina da magana a kan shafi na sittin da uku. Sau goma sha ɗaya ka ce na yanke ka. Ni bakwai na sani."

Baba ya ɗago. "A ina ka ga shafi na sittin da uku?"

"Sabulu na saya."

Kamar jira ake. Tela ya kutso da wata riga a ninke, ya ajiye a cinyar Baba, ya ce ga ta nan, yadin da aka kawo masa shekarar da aka haifi Auta, jiya ya gama, a taimaka a cire maganar daga shafi na tamanin. Malamin makarantar da aka yi wa hanya a kai ya ce shi ba shi da ƙorafi, babi na huɗu ya fi duk abin da yake koyarwa daɗi. Matar nan mai bokitin tumatir ta share hawaye ta ce ita wajen rashin lafiyar marigayiya matar Baba ta kai, tana da shafi na ɗari da sha tara da na ɗari da ashirin da ɗaya, don Allah wa ke da na tsakiya. Wani daga baranda ya ce yana wurinsa, amma da kifi a ciki. Kafin a ce haka, hannu sama da talatin sun ɗaga, kowanne da takarda.

Baba ya karɓi ɗaya, ya shafa, ya kai hanci, ya murza gefenta da yatsa. Shekara talatin ya yi yana ɓare irinta, bai buƙaci ido ba.

"Wannan ai kwafin ƙasa ne. Mijin Auta, yaushe aka buga wannan?"

"Talata, Baba. Da Laraba."

"Kafin ka gyara firintar, ko bayan ka gyara?"

Minti-Biyar ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya ga ba mafita. "Kafin."

Dariyar da aka yi sai da kajin Baba suka amsa daga farkon layi. Ya yi yunƙurin borin kunya, ya ce da ma tsarin ke nan, a fara raba wa jama'a a ji ra'ayinsu, haka manyan kamfanoni ke yi. Auta ta ce ita ta kwashe ta kai shago don ta samu wurin taka ƙafa a falonta, yana wanka ma lokacin. Mai shago ya ce shi dai in akwai saura yana so.

Aka sauke gawar kwamfutar, aka share teburin, kowa ya koma gida ya kwaso abin da ke hannunsa. Da yake sau uku gwanin ya buga, shafin da mai ya ɓata a wannan gida sai a same shi da tsabta a wancan. Minti-Biyar ya karɓi aikin jerawa, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya hana shi. Jama'a sun ɗauka neman gafara yake, kuma akwai wannan, amma akwai wani abu. Kowane shafi sai ya bi shi da yatsa daga sama har ƙasa kafin ya ajiye, ko Auta ta yi tsallake. Ya wuce mai aski, ya wuce tela, ya wuce kyanwa da ranar da ta haihu a cikin akwatin Baba, ya wuce ruwa da faɗuwar rumfa. Zuwa azahar littafin ya cika cif, yana ƙamshin sabulu ta wani gefe, yana ƙarnin kifi ta wani. Ya ɗauka da hannu biyu, ya durƙusa, ya ɗora a hannun tsohon.

Baba ya jinjina nauyinsa, ya daɗe yana jinjinawa, fuskarsa ta saki. Minti-Biyar bai tashi daga durƙuson ba. Muryarsa ta yi ƙasa, babu ko ɗigon cika baki a cikinta.

"Baba, na duba duka. Ba na ciki."

"Ba ka ciki."

"Shekara goma sha tara, Baba. Kyanwa shekara shida ta yi."

Tsohon ya mayar da tabarau, ya ƙura wa fuskar nan mai ɗigo-ɗigo ido iya ganinsa. Ya ce shi abin da ya faru ya ƙare yake rubutawa, kyanwa ta yi nata ta gama, mai aski ya yi yankansa ya gama, shi kuwa mijin Auta kullum yana tsakiyar wani aiki da saura minti biyar, ta ina za a kama shi. "Amma yau ka gama abu guda, har hayaƙi ya shaida. A ba shi biro."

Aka juya fararen takardun da mai shago ya dawo da su ba da son ransa ba, aka tura masa kujera gaban teburin. Baba ya ce tunda babu kwamfuta, kuma babu ido, wanda ya kashe ta shi zai zama ita. Jama'a suka matso, ba wanda ya tafi cin abinci.

"Rubuta. Babi na goma sha bakwai. Mijin Auta."

Minti-Biyar ya gyara riƙon biron. Ya rubuta da manyan baƙaƙe, ya ja layi biyu a ƙasa.

"Rubuta: Allah ya ba ni suruki mai zuciyar kirki da hannun ɓarna. Ranar Asabar, a gaban 'ya'yana da maƙwabtana, ya zuba wa kwamfutata rinin gashi."

Ya rubuta, kalma bayan kalma, ana ta dariya a kansa. Da ya kai aya sai ya tsaya, ya dubi ɗan abin da ya cika, bai kai rabin shafi ba. Ya waiga ya dubi mai aski, mai shafi uku, da ke tsaye yana harɗe da hannu.

"Baba, a yi a hankali," in ji shi, yana jawo sauran takardun kusa. "Ka fara daga Asabar, alhali ɓarnar tun Litinin ta soma. Akwai ma wadda ba ka sani ba. Ka ƙirga kajinka kuwa?"